Sunan da Iya Ta Faɗa a Gaban Kumandan

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai wata magana da na gaji da ji a gidan nan, kuma tun da sauran numfashina zan gyara ta. Duk sanda aka taru wurin suna ko biki, sai wani cikin 'ya'yan ƙannena ya gyara zama ya ce, ai da yanzu mu ne masu garin Rijiyar Tanko, tsohuwa ce ta ruɗe ta je ta zubar mana da sarauta a Tanut. Mai faɗin haka ko uwarsa ba a haifa ba a lokacin. Ni kuwa ina wurin, ni na ja mata takarkari, kuma ta bakina maganarta ta shiga kunnen kumandan, babban jami'in gwamnati na can. Iya, kakata, ba ta ruɗe ba. Duk cikinmu, masu rawani da masu wandon kaki, ita kaɗai ce hankalinta ke jikinta a shekarar nan. Ku zauna ku ji yadda aka yi, in na gama ku faɗi abin da kuka ga dama.

Shekaru kaɗan bayan Nasara sun tafi aka turo ni koyarwa a garinmu, ina saurayi, ko aure ban yi ba. Rijiyar Tanko ƙauye ne a ƙasar Gangara, tafiyar yini guda zuwa Tanut in da dabba. Kakana Tanko ya haƙa rijiyar, shi ya fara riƙe garin. Da ya rasu sai ɗansa na fari, Ibrahim, ya gaje shi. Shi ma bai daɗe ba ciwon ciki ya ɗauke shi ina yaro ƙarami, rawani ya dawo kan ƙanensa, Baba mahaifina. Iya, wato Hadiza, ita ta haife su duka biyu. A lokacin da nake ba ku labari ta tsufa tukuf, 'yar gajeruwa, ba haƙori ko ɗaya a sama, amma in ta yi gyaran murya a bayan zana har Baba sai ya rage tasa. Ni angonta ne na wasa, kamar kowane jika. In na shigo daga aji sai ta ce, ga angon da ba ya kawo cefane, sai ƙurar alli. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunan ɗanta na fari ba, yana raye ko bayan ransa. "Wancan" take ce masa. Kun san kunyar ɗan fari, amma ta matan da ba irin taku ta yanzu ba ce, da uwa za ta tsaya bakin ƙofa tana ƙwala wa ɗan farinta kira har maƙwabta su ji. Iya ko yaron wani gida aka raɗa wa sunan nan, sai ta laƙaba masa wani.

Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, aji biyu ce na laka da rumfar zana ɗaya, sai tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a jikin aduwa, shi muke bugawa yara su taru. Darektanmu Mushe Ibrahim ne, Mushe kuwa shi ne laƙabin malamin lakwal da Faransanci. Shi ya koya mini karatu da lissafi a Tanut, ya ja kunnena har na iya. Ya yi aiki gabas da yamma, har bakin tafkin Chadi, da aka buɗe lakwal a garinmu sai ya roƙa a kawo shi ya ƙare aikinsa a gida. Na san dai ɗan garin ne, an ce uwarsa Kande wata mata ce da mijinta ya mutu ya bar ta, tana daka da ɗiban ruwa a gidan kakana. Ban taɓa sa komai a raina game da sunansa ba, Ibrahim nawa ne a ƙasarmu ta Damargu? Kowace Juma'a da la'asar zai zo ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya gaida Iya, ya ajiye mata goro. Ita kuma ta ce, Mushe, an yini lafiya, ta kawar da kai. Ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ni kuma na ɗauka duk kunyar sunan ce.

A shekarar nan ya kai lokacin ritaya. Muka yanka masa rago, ya miƙa makullai ga wani sabon darekta ɗan Damagaram, ya aika takardunsa Yamai, ya zauna jiran kuɗin ritayarsa. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka koma aji, shiru. Mutumin da ba shi da gona, ba shi da rumbu, ga iyali, sai ga shi ya fara kai awakin matarsa kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ya aiko a kira ni. Na same shi a zaurensa kan tabarma, ya ɗage tabarau zuwa goshi, ya miƙo mini wata takarda.

"Karanta, Laminu."

Na fara karantawa sai na tsaya. "Mushe, ai wannan sunan kakana ne. Ibrahim ɗan Tanko da Hadiza? Hadiza ai Iya ce."

"Karanta har ƙasa. Ban koya maka karanta rabin takarda ba."

Na karanta har ƙasa. Takardar cewa take an bincika a littattafan Tanut, an samu Ibrahim ɗan Tanko da Hadiza na Rijiyar Tanko, tsohon mai gari, ya rasu tuntuni, an rubuta mutuwarsa. Saboda haka ba a biyan matacce kuɗin ritaya. Mushe ya yi dariyar yaƙe ya karɓe takardarsa.

"Ka gani? Ashe na mutu tun kana wasan ƙasa, ni ban sani ba, ina ta cin tuwon mutane."

"Amma Mushe, yaya aka yi sunayen gidanmu suka hau takardarka?"

"Wannan ba tambayarka ba ce. Kuma in kana ganin girmana, kada ka kai maganar nan cikin gida. Iya ta tsufa, a bar ta ta huta."

Ban kai ta cikin gida ba, amma na kai ta Tanut. Ranar kasuwa malaman lakwal na ƙasar muka haɗu a zauren ɗaya daga cikinmu kamar yadda muka saba, na zayyana musu abin da na karanta. Dama ran kowa a ɓace yake, don ba Mushe kaɗai ba ne, akwai tsofaffin malamai da masu gadi da suka ajiye aiki suna ta jira, wasu an ce musu shekarun da suka yi a zamanin Nasara ba za a duba su ba. Amma a ce da mutumin da ya koya wa rabinmu riƙe alƙalami wai matacce ne, wannan ya wuce haƙuri. Wani daga Tarka ya miƙe ya ce, in haka ake sallamar malami, to shi ma ya mutu daga yau, a nemo mai rai ya shiga aji. Nan muka yi alkawari, ba mai ɗaukar alli sai an yarda Mushe yana raye an ba shi haƙƙinsa. Kada ku ɗauka yajin aiki a lokacin irin naku ne, da ake fita da tuta da waƙa a dawo gida a dafa shayi. A lokacin in ka yi tari da ƙarfi a kasuwa sai a ce da gwamnati kake, a zo da mota a tafi da kai. Na dawo gida, washegari ni na hau aduwa da kaina na kwance ƙarfen, na kai shi aji na kulle.

Lakwal ta rufe a garinmu, ta rufe a Gangara da Tarka, har Belbeji muka ji sun bi. Yara suka yi ta tsalle. Iyayensu kuwa, in faɗa muku gaskiya, sun fi su murna, kuma wannan shi ya fi komai ci mini rai. Da jiɓin goshi muka tara yaran nan, gida-gida, ana ɓoye mana su a rumbu. Yanzu ga shi mu da hannunmu mun sake su, daidai lokacin da ayarin Buzaye ke sauka da gishiri da dabino, ana neman masu kiwo, ana shirin tafiya cin rani. Makon farko ka ga yaro a bakin rijiya ya sunkuyar da kai ya gaishe ka, mako na uku ka tambaya a ce ya bi kawunsa arewa da tumaki. Kowace safiya sai na je na leƙa ta taga, in ga ƙura ta hau benci, lissafin da na bari a allo yana nan ba wanda ya ƙarasa shi. Wallahi akwai safiyar da na sa hannu a aljihu na taɓa makulli, sai na tuna tsohon nan da awakin matarsa, na juyo gida.

Kumandan na Tanut a lokacin baƙar fata ne ɗan yamma, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. Ya aiko dogarai biyu a kan raƙuma da saƙo biyu. Mu malamai mu buɗe aji ko a watsa mu Bilma da inda ya fi Bilma nisa. Mai gari kuma ya zo ya yi bayanin sunan nan. Baba ya tafi ya kwana biyu, ya dawo bai ce wa kowa uffan ba. A bakin dogari na ji abin da ya faɗa. Wai shi wa ɗaya gare shi mai suna Ibrahim, kuma da hannunsa ya sa shi a kabari, Mushe kuwa bai san inda ya samo sunayen iyayensa ba. Ya dangwala yatsa a takarda. Daga nan magana ta juye. Ba batun ritaya ake ba kuma, cewa ake Mushe ya saci sunan ɗan sarauta ya ci aiki da shi shekara da shekaru. Aka sa ranar da zai je Tanut ya amsa, Baba kuma ya je ya maimaita shaidarsa a gabansa, kowa ya san daga nan sai gidan kaso. Na je wurin Mushe na ce ya buɗe baki ya faɗi abin da ya sani, ya ce shi da furfurarsa ba zai tona gidan da ya ci tuwonsa ba.

Na sami Baba da hantsi a tsakar gida yana duba sirdin dokinsa. Na durƙusa kamar kullum, amma ranar ban iya sassauta murya ba.

"Baba, Mushe ba ɓarawo ba ne. Kun fi ni sanin haka."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ɗaure shi za su yi, Baba."

Ya yar da igiyar da ke hannunsa. "To me kake so in ce musu? In ce ubana ya yaudari hukuma, ya ba da ɗan wani a madadin nasa, ni kuma na sani na rufe? Ka san abin da zai biyo baya? Rawanin nan za su cire, su ba gidan da ba su taɓa ɗebo ƙasa ko ƙwarya ɗaya daga rijiyar nan ba. Kuma me muka yi masa in ban da alheri? Ɗan mai daka ne, ya zama Mushe, ya sa wando, ya zauna kan kujera, wana kuwa ya mutu ko sunansa bai iya rubutawa ba. Tashi ka ba ni wuri. Ku da kuka rufe lakwal, ku kuka jawo masa wannan."

Wannan ta ƙarshe ta shige ni, don akwai gaskiya a cikinta. Kuma ku ji ni da kyau, ban ce Baba mugu ne ba. Mutum ne da aka bar wa gida yana tsoron ya faɗi a hannunsa. Abin da mu biyun muka manta shi ne Iya na bayan zana tana kaɗi, kuma kunnenta bai tsufa ba.

Ana gobe za a zauna, Baba ya hau doki da sassafe ya tafi. Mushe ma ya riga ya wuce a kan jakin aro. Ƙurar dokin ba ta gama kwantawa ba Iya ta kira ni. Na same ta ta ɗaura zanenta na saƙi da ba ta fitowa da shi sai da Sallah.

"Ango, ɗaura wa takarkari shimfiɗa."

"Ina za mu, amarya? Ke ma yajin za ki yi?"

"Rufe mini baki. Tanut za ka kai ni."

Matar da rabonta da wuce bakin rijiya tun ina ɗan lakwal! Na aza ta, na kama igiya, muka bi ta cikin gonakin da aka girbe. Sai da muka kusa wani tudu da ke arewa da gari ta fara magana, ba ta ko dube ni ba.

"Shekarar da Nasara suka ce kowane mai gari ya ba da ɗansa a kai Damagaram lakwal, wancan bai fi shekara takwas ba. Mu ba mu san lakwal ba. Abin da muka sani, wanda Nasara ya ɗauka ba ya dawowa, in ma ya dawo ba sallah ba salati. Kakanka ya ce ba yadda zai yi. Ni na ce akwai. Ni na kai wancan rugar Fulani da ƙafata na ɓoye shi. Ni na ce a ba su ɗan Kande, ai tsararsa ne, kuma ba shi da uban da zai yi magana. Ni na sa masa rigar wancan. Sunan ne kawai ban iya faɗa masa ba, sai kakanka ya faɗa masa, ya sa shi ya maimaita sau uku. Kande ta dawo daga rijiya da tulu a ka ta tarar an aza shi bayan doki. Ta yar da tulun ta bi su da gudu tana kiran Nomau, Nomau, har kan tudun nan, nan ƙafarta ta gaza. Ta dawo ta ci gaba da yi mini daka har ta mutu, ba ta taɓa ce mini don me ba. Da ta zage ni ko sau ɗaya da na samu sauƙi. Ubanka ya ce alheri muka yi masa. Allah ne ya yi masa alheri. Mu ranar da muka ba da shi, mun ba da shi ne ya halaka a madadin nawa."

Ranar na fara jin sunan Mushe na yanka. Na ci gaba da jan igiya na ce,

"Iya, kin san abin da zai sami Baba?"

"Ni na haife shi, na fi ka sani. Rawani za su cire masa, ba kai ba."

"Kuma za su ce ki faɗi suna. Hukuma ba ta san wancan ba."

Da muka sauka daga tudun sai ta ce, "Ja dabbarka."

Muka kwana gidan wata 'yar ƙanwarta a Tanut, da safe muka nufi biro, ofishin kumandan. Mushe na zaune kan benci da dogari a gefensa, malamai sun yi cirko-cirko a inuwa daga nesa. Baba na tsaye a bakin ƙofa yana gyara rawani, ya juyo ya gan mu.

"Iya! Me ya kawo ki nan? Laminu, kai ka yi wannan?"

"Ni na kawo shi, ba shi ya kawo ni ba," in ji Iya. "Matsa in wuce."

Ya matsa. Wa zai ƙi matsawa? Aka shigar da mu duka. Kumandan na bayan tebur, tafinta na tsaye a gefensa, wani abokin Baba ne da suka daɗe suna raba goro. Aka ba Iya kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa ta ajiye takalmanta a gefe, ta faɗi duk abin da ta gaya mini a hanya, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Da ta gama tafinta ya rusuna ya ce da Faransanci, tsohuwa ta zo roƙon a yi wa Mushe sassauci ne, amma tsufa ya sa maganarta ba ta haɗuwa. Kumandan ba yaro ba ne. Ya ga an yi doguwar magana an ba shi gajeruwa. Ya dube ni.

"Kai malami ne? Jikanta? To faɗa mini abin da ta ce, duka."

Baba bai ɗaga murya ba. "Laminu," kawai ya ce.

Ina gaya muku, ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba, ba kuma tsoron kumandan ba ne. Ubana ne tsaye a gabana, wanda bai taɓa hana ni komai ba, kuma na san abin da zan faɗa shi zai kwance masa rawani. Da na ce abin da tafinta ya faɗa daidai ne, da an sallame mu, Iya ba za ta taɓa sani ba, don ba ta jin ko kalma ɗaya. Na dube ta, tana zaune ta miƙe ƙafa tana jira, ta yarda da ni ɗari bisa ɗari. Na dubi Mushe, ya sunkuyar da kai, mutumin da bai koya mini karanta rabin takarda ba. Sai na buɗe baki. Na faɗi rugar Fulani, na faɗi rigar, na faɗi tulun Kande da tudun, har da cewa an ba da shi ne ya halaka a madadin wani. Ban bar komai ba.

Kumandan ya ɗauki alƙalami ya ce a tambaye ta sunan ɗan da ta haifa wanda ya rasu. Baba ya yi wuf zai amsa, aka ɗaga masa hannu. Tafinta, Allah ya jiƙansa, a nan ya yi ƙoƙari, ya ce ranka ya daɗe, ɗanta na fari ne, a al'adarmu ba ta faɗi. Kumandan ya ce ya san al'adar, uwarsa ma haka take, amma shaida sai daga bakin mai shaida, in ba haka ba takardar mai gari ce za ta tsaya. Na juya mata maganar cikin Hausa ina jin kamar ni nake tuɓe mata mayafi a kasuwa. Iya ta ja bakin zanenta ta rufe baki, ta daɗe a haka, sannan ta sauke shi.

"Ibrahim," ta ce. "Sunansa Ibrahim. Ni na haife shi, ni na ɓoye shi, kuma ya mutu."

Baba ya ja jelar rawani ya rufe fuska. Kumandan ya nuna Mushe da alƙalami ya ce, wannan fa? Ban ma kai ga juya mata ba, ta gane. Ta juyo da jikinta duka, ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Nomau."

"Na'am, Iya."

Haka ya amsa, nan take, kamar jiya aka daina kiransa da shi. Sai kuma ya kifa kai a gwiwa, dattijo mai farin gemu, yana kuka kafaɗunsa na girgiza. Dogarin da ke tsaronsa ma ya juya ya fuskanci bango.

Sauran kun san wasu. Aka kira dattawa biyu daga garinmu, da suka ji Iya ta faɗa sai su ma bakinsu ya buɗe. Alƙali ya yi takarda cewa Nomau ɗan Kande, wanda ake kira Ibrahim, yana raye, kuma shi ne ya yi aikin. Da muka ga an sa hannu an aika Yamai, an kuma yi alkawarin duba na sauran tsofaffin, muka koma aji. Ni na mayar da ƙarfen kan aduwa na buga shi. Yaran da suka amsa ba su kai waɗanda muka sallama ba, wasu mun bi su har ruga mun dawo da su, wasu har yau in na haɗu da su a kasuwa sun tsufa ba su iya karanta lambar mota ba, sai in ji nauyi. Wannan yana wuyanmu, ba na musu. Kuɗin Mushe ya fito kafin damina, ya ci shi shekaru da dama, ya kuma ci gaba da zuwa gaida Iya kowace Juma'a, sai dai yanzu tana dubansa tana kiran sunansa. Ni aka tura ni wata lakwal ta makiyaya can arewa da Belbeji, wai don in koyi ladabi. Baba kuwa aka cire masa rawani saboda shaidar da ya dangwala wa yatsa, aka ba wani gida, yana can har yau.

Baba bai taɓa gaya wa Iya baƙar magana ba, kullum da safe yana durƙusawa a bakin ɗakinta har ta rasu. Ni ne ya yi shekara guda ba ya ce mini komai sai amsa gaisuwa. Da na zo hutu na same shi a gona, ya dogara da hauya ya dube ni.

"Ranar nan, abin da ka gaya wa mutumin, daidai yake da abin da ta faɗa?"

"Daidai, Baba."

"Ba ka ƙara ba?"

"Ban ƙara ba."

"To," ya ce, ya miƙo mini hauyar. Daga nan muka shirya.

Wannan ita ce matar da ake cewa ta ruɗe. Akwai kuma abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko uwarku. Da muke dawowa daga Tanut, ni da ita da takarkari, muka iso tudun nan da la'asar. Ta ce in sauke ta. Ta tsaya ta daɗe tana duban hanyar Damagaram, ta ɗaga hannu ta yi wa Kande addu'a, ta shafa. Na mayar da ita kan dabba, na kama igiya. Mun ɗan taɓa tafiya sai na ji muryarta a bayana.

"Ango."

"Na'am, amarya."

"Tun ranar sunansa nake riƙe da sunan nan a bakina, ban taɓa fitar da shi ba. Ashe yana da daɗin faɗa. Da na sani, da na kira shi ko sau ɗaya yana da rai, ya amsa mini."

Ba ta sake faɗarsa ba har ta koma ga Allah. Ni kuma ban juyo ba, na ci gaba da jan igiya har gida, don kada amarya ta ga angonta yana kuka.